Wanda Ya Yanke Dangwali

Ranar kasuwar Mada ce. Rana ta yi sanyi, mutanen Tungar Maje suna dawowa gida a kan babura da amalanke, sai suka tarar da shanu tsundum cikin waken Tanko. Gonar da aka bari da safe kore shar ta koma kamar filin da aka yi dambe. Isma'ila, mai shanun, yana tsakiya da sanda yana ta kora, su kuwa ko a jikinsu.

Abin ya yi wa mutane ciwo, domin Tanko da kansa ya kira Isma'ila. Al'ada ce tun kaka da kakanni: idan an yanke gero, manomi ya gayyaci makiyayi ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki. Bana Isma'ila da matarsa da tsohuwarsa Iya sun kafa ruga a gonar geron Tanko, tsallaken wani kwazazzabo daga waken. Tanko Kirista ne, kakansa ya zo daga Zuru ya zauna, amma shi da Isma'ila akushi ɗaya suke ci.

"Wani ne ya yanke dangwali," in ji Isma'ila. Dangwali ita ce doguwar igiyar da Fulani ke ɗaure maruƙa a jere. "Ya koro maruƙan cikin wake. Da iyayen sunka dawo kiwo sunka ji kukansu, wa ka iya tare su?"

"Ji wata tatsuniya!" in ji Salisu, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da ta Tanko. "Ya saki shanu nai sun ci, sannan ya yanke igiya don shi samu abin hwaɗi. Ku dubi hannu nai, ga jini nan."

Aka duba. Lalle akwai yanka a hannun Isma'ila na hagu. Ya ce ƙayar shinge ce, amma wa ke saurarensa? Mutanen Tungar Maje ba mugaye ba ne, sai dai bakinsu ya fi idonsu sauri, ga shi zamani ya zo da ɗan ƙaramin zargi kan zama gobara. Mai unguwa Usman ya ga samari sun fara tattara sanduna, sai ya yi maza ya yanke: kafin kasuwar Mada ta zagayo, in ba a gano wani ba, Isma'ila ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar baki ɗaya. Iya ta zauna a ƙasa daɓas. Mijinta a bayan wannan garin aka binne shi, ita ma nan ta sa rai.

Tanko ya sunkuya. Ya tsinci wani kwanson wake da aka tattake, ya juya shi a hannu, ya tafi gidan Malam Arzika.

*

Malam Arzika tsohon maharbi ne da ya ajiye baka ya riƙe bin sawu. In akuya ta ɓata, shi ake nema. Mutum ne da ba ya iya wuce rami bai leƙa ba, kuma tambayarsa ta isa ta sa mai haƙuri ya tashi ya bar masa tabarma. Da hantsi ya isa rugar, ya tarar matar Isma'ila ta fara ɗaure ƙore.

Iya ta kai shi gun dangwalin. Igiyar tana kwance tsakanin turke biyu, an yayyanke 'yan wuyan da ke jikinta, waɗanda ake zura wa maruƙa.

"Iya, ya ake kwance maraƙi a nan?"

Tsohuwar ta ɗauki wuya ɗaya da ya tsira. Ƙulli ne aka tura cikin ɗan ido. Ta danna shi da babban yatsa, ya fice suluf.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ɗan da anka yaye jiya ya iya." Ta share ido da gefen mayafi. "Uban Isma'ila ya tuƙa ta da hannu nai. Bahillace ba shi sa ma dangwali wuƙa, Malam. Ko tsallake ta ba mu yi."

Arzika ya tsuguna. Ƙullin farko duk an tsattsokale shi da tsinin ƙarfe, kamar wanda ya so ya ɓanɓare shi bai san ta inda zai ɓullo ba. A nan jini ya bushe. Sauran kuwa yankan fushi aka yi musu, kuma wuƙar ba ta yanka sumul ba, gefe guda ta yanka, gefe guda ta tauna. Ya shiga tone ƙasar wurin da tsinke, a hankali, har wani abu ya yi ƙyalli. Ɗan noti ne, bai kai ƙwayar dawa ba, kansa da rami mai siffar tauraro.

"Ikon Allah," ya ce. Ya daɗe yana kallonsa a tafin hannu, har Iya ta zaci ya manta da ita.

Shanu sun tattake sawu a ko'ina, sai a gangaren kwazazzabon, inda yashi ya riƙe sawun mutum ɗaya a bayan na maruƙa. Takalmin roba ne irin wanda kowa ke sawa, ba abin da zai faɗa. Amma akwai ɗigon jini yana bin sawun, kuma duk a gefen dama yake. Arzika ya waiwayi Isma'ila, ya dubi hannunsa na hagu, ya kama bakinsa. Ya san in ya faɗa yanzu za a ce ai mutum na iya juya hannu. Ga shi kaka ce, rabin garin da tsumma a hannu: wannan lauje, wancan kara. Salisu na fama da ɗan karkare, shi kansa Tanko tafinsa na dama a naɗe yake.

*

Washegari ya hau mota zuwa Gusau. Maƙera suka duba notin suka ce ba aikinsu ba ne. Mai gyaran agogo ya ce ya yi wa agogo girma. Shi ya tura shi gun Timothy mai gyaran waya, wanda ke da irin abin kwance noti mai tauraro.

Timothy ya ɗora shi a kan farar takarda, ya fashe da dariya.

"Baba, na san wannan ɗan banzan! Ba na waya ba ne, na wuƙa ne."

"Wuƙa da noti?"

"Wuƙar aljihu, mai naɗewa. Irin ta ƙasar waje, mai tsadar gaske. Ƙotarta baƙa mai sheƙi, in ka gan ta sai ka ji kamar ka sa ta a gaba kana kallo. Amma aikin banza aka yi mata." Ya ɗauki biro ya shiga kwatance. "Ruwan wuƙar yana rawa a cikin ƙota, ka taɓa shi ya yi nan ya yi nan. In ka naɗe ta, ba ya kwanciya a tsakiya, sai ya goga gefe. Washin ma gefe ɗaya suka ci da yawa, ɗayan suka bar shi da kauri. Wannan notin na ɗaure shi da hannuna har na gaji, in an jima ya sake kwancewa."

"To mi ka riƙe ta in an buɗe?"

Timothy ya dube shi da sha'awa. "Ka yi tambaya. Akwai wata 'yar sakata a ciki, ita ke shiga bayan ruwan ta tokare shi. Ta wannan wuƙar da ƙyar take kama baki. Na gaya wa mai ita ya yi hankali."

"Wa ad da ita?"

"Wani mahauci daga Tsafe, Bello. Ƙaninsa ne ya aiko masa daga waje."

Arzika ya ƙulle notin a bakin rigarsa. Mahauci da maruƙa! Ya riga ya fara ɗinka labarin a ransa tun kafin ya kai tasha.

*

Labarin ya warware tun a bakin rumfar mahaucin a Tsafe. Bello ƙato ne mai dariya da ciki, kuma maƙwabtansa duk sun shaida ranar kasuwar Mada yana nan Tsafe yana fama da fiɗar shanu tun safe har magariba. Da ya ji maganar wuƙar sai ya tofar da yawu.

"Wagga la'ananna? Malam, kyawu gare ta awa amarya, hali awa kunama. Dubi nan."

Ya miƙo hannun hagu. Tabo ne birjik, tsoho da sabo.

"Duk mai aiki da wuƙa, hagu nai ka shan yanka, don ita ka riƙe nama. Tun ina yaro haka ne. To dubi wanga." Ya miƙo na dama. Wani layi ne guda, miƙaƙƙe, ya ratsa bayan yatsu uku, ya warke. "Na sa tsininta in ɓanɓare gaɓa, na danna, sai tar ruhe bisa yatsuna. Ban taɓa ganin wuƙar da ka cizon hannun da ar riƙe da ita ba sai ita."

Arzika ya kama hannun yana juyawa, ya manta cewa na mutum ne. Ya tuna ƙullin da aka tsokala, ya tuna ɗigon jini a dama da sawu. Wani daɗi ya ratsa shi har ya ji kunya, don ya tuna Iya tana can tana ɗaure kaya.

"Ina take yanzu?"

"Na rabu da ita. Suna munka tahi Bunguɗu, gidan Malam Isah, ni nih heɗe ragon. Na aje ta gehe, nic ce duk mai so shi ɗauka, na yahe. Sai wani daga bayana yac ce shina so."

"Wane ne?"

"Malam, hannuna na cikin tumbin rago, in waiwaya in ga wa?"

*

A Bunguɗu, Malam Isah ya ba shi ruwa da fura, ya yi ta tunani yana shafa gemu. Bai ga wanda ya ɗauki wuƙa ba. Amma ya tuna waɗanda suka tsaya gun fiɗa, domin su ne suka riƙe ƙafafun ragon: baƙinsa uku da suka zo tare daga Tungar Maje. Mai unguwa Usman, da Salisu, da Tanko.

Wannan sunan na ƙarshe ya ɓata wa Arzika fura. A gari an fara raɗe-raɗin cewa waken Tanko tsutsa ta riga ta shige shi, wai ya ga gara shanu su ci a biya shi da maraƙi. Arzika bai yarda ba, amma shi ba ya jefar da zance don kawai bai yi masa daɗi ba. Ya dawo gida a bayan babur yana ta saƙa da warwara, ga kasuwar Mada ta matso.

*

Da la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Arzika ya sa an kawo abin da ya rage na dangwalin da ɗan maraƙi guda, aka ɗaure shi a wuyan da ya tsira. Mutane suka yi ta gunaguni, wai tsoho ya yi yawon Gusau da Tsafe ya dawo musu da wasan yara.

"Ranka shi daɗe," in ji Arzika, "so nike mutum huɗu su kwance maraƙin ga, ɗaya bayan ɗaya. Kai ma kana ciki."

Usman ya ɗaga gira, amma ya tashi. Isma'ila ne ya fara, ko kallon ƙullin bai yi ba, ya danna ya fice. Aka mayar. Mai unguwa ya yi ta ja yana ƙara tamke shi, maraƙi na harbin iska, yara na dariya, har ya haƙura ya nuna hannayensa biyu lafiya lau ya koma ya zauna. Tanko ya tsuguna ya danna da babban yatsa, suluf.

"Wa ya koya maka?"

"Iya. Kullum da sahe ina zuwa shan nono."

"To wanda yas san haka ba shi buƙatar wuƙa. Amma buɗe hannunka mu gani."

Tanko ya warware tsumman. Tsagar kara ce a tsakiyar tafi, har ta fara kamewa. Arzika ya saki wata ajiyar zuciya da kowa ya ji.

"Malam Salisu, saura kai."

"Ni da ɗan karkare? Ko tuwo da hagu nike ci."

"Allah shi sawwaƙe. Yatsa nawa yak kama?"

Salisu ya dafe tsumman. "Ya bazu."

"Ikon Allah. Ni dai tun tasowata yatsa guda nis san shina kamawa. Ga Iya nan, kowa ya san ita ka maganin shi garin ga. Bari ta duba ma, kyauta."

Salisu ya ce ba ya so. Ya ce shi ba a yi masa wulaƙanci gaban jama'a. Ya miƙe zai tafi, mai unguwa ya kira sunansa sau ɗaya, a hankali, ya dawo ya zauna. Iya ta matso ta warware tsumman da tausayi irin na mai magani. Babu kumburi, babu ruwa. Layi ne guda, miƙaƙƙe, ɗanye, ya ratsa bayan yatsu uku na hannun dama.

"Wanga ba karkare ba ne," in ji Iya.

"Lauje ne," in ji Salisu da sauri.

"Da wane hannu kake riƙe lauje?" Arzika ya tambaya, kuma har ga Allah da son sani ya yi tambayar. Salisu ya dubi hannunsa na dama. Sai Arzika ya kwance bakin rigarsa, ya ajiye ɗan notin a kan tabarma, ya ba da labarin wuƙar tun daga Gusau har Bunguɗu: yadda wani da bai san ƙullin Fulani ba ya sa tsini zai ɓanɓare, ya danna, sakata ta zame, ruwan ya rufo kan yatsunsa, sannan ya huce haushinsa a kan igiya. "In na yi ƙarya, wuƙar da kad ɗauka gidan suna tana da notinta cikakke. Hito da ita a gani."

Salisu ya sa hagu a aljihu ya fito da ita. Gaskiyar Timothy, kyakkyawa ce. Ƙotar baƙa wuluk tana sheƙi, har wani ya ce "Kai!" bai san ya faɗa ba. A gefenta akwai ɗan rami fanko. Arzika ya ɗora notin, ya zauna daram. Ya buɗe ta, ya riƙe ƙotar ta can ƙarshe da yatsu biyu, ya ɗan ƙwanƙwasa bayan ruwan a jikin turmi. Ƙas! Ta rufe. Samarin da suka tattara sanduna ranar nan duk suka sami abin kallo a ƙafafunsu.

"Don mi, Salisu?" in ji Tanko. Ba faɗa a muryarsa, sai ɓacin rai. "Tare munka riƙe ƙahwar rago."

"Ba kai nin nuhwa ba." Salisu ya juya ga Isma'ila, idonsa ya kawo ruwa. "Tun ina yaro gonar babana kuka sauka. Ya rasu, kun tsallake ni kun tahi ga Tanko. Gonata ta mutu, dawa ba ta kai ƙugu. Cewa niy yi in kun ɓata da shi, baɗi ku dawo wurina. Ban san za a ce ku bar ƙasa ba."

"Amma da anka ce, kai ka hi kowa ɗaga murya," in ji mai unguwa.

Isma'ila ya jingina da sandarsa. "Bara mun zo, Salisu. Mun iske ka saida karan ga masu mota, ka bar muna ƙasa tsirara. Babanka bai taɓa ɗauke kara daga bakin saniya ba. Da ka bar shi, da ba mu tsallake ka ba."

Salisu ya rufe fuska da hannun hagu. Abin haushi ne, abin tausayi ne kuma, mutum ya rusa gonar maƙwabci don taki, alhali kara kawai ake so ya bari.

Mai unguwa ya yanke cewa waken Salisu na bana na Tanko ne, kuma da hannunsa zai roro shi in yatsun sun warke. Sannan ya ɗaga wuƙar da gefen rigarsa ya tambaya ko akwai mai so. Ba wanda ya miƙa hannu. Arzika ya yi kamar zai yi magana, domin har yanzu yana son ya kwance ta ya ga yadda sakatar take ciki, amma ya dubi yatsunsa ya fasa.

*

Da safe ya bi ta rugar. Amalanken da Isma'ila ya ara don ƙaura yana tsaye, Tanko da matarsa Dibora suna sauke ƙore suna mayarwa bukka. Iya na zaune a inuwa da dangwalin a cinya, tana tuƙa sababbin wuyaye a jikin tsohuwar igiyar mijinta.

"Ba sabuwa za a yi ba, Iya?"

"Wagga ta isa."

Can sai ga Salisu a bakin kwazazzabo, da damin kara a ka, ya dafe shi da hagu. Ya tsaya, ya kasa ƙarasowa, ya kasa komawa. Kowa ya yi kamar bai gan shi ba, sai Iya.

"Aje shi gaban shanu," ta ce, "ka zo nan."

Ya zo ya tsuguna. Ta kama babban yatsansa na dama, wanda wuƙar ba ta taɓa ba, ta ɗora a kan ƙullin.

"Danna."

Ya danna. Ƙullin ya fice suluf. Salisu ya yi ta kallonsa, ya kasa ɗago kai.